Babi na Shida: Wa Ke da Gulbin da Ya Bi ta Bakura?

Gulbin Sakkwato yana tasowa ne daga tuddan da ke kusa da Funtuwa a Jihar Katsina. Daga nan ya gangaro Gusau, ya bi ta Bunguɗu, ya shigo ƙasar Maradun, inda katangar Bakalori ta tare masa hanya. Abin da aka saki daga madatsar shi ke ratsa fadamun Talatar Mafara da Bakura, ya tsallaka Jihar Sakkwato, ya haɗu da Rima, ya wuce ta Argungu da Birnin Kabi kafin ya zuba a Kwara. Jihohi huɗu ke nan, da ƙananan hukumomi masu yawa, da masarautu da kowace ke da tarihinta.

Manomin albasa da ke tsaye a bakin wannan gulbi a Bakura yana ganin abu ɗaya ne: ruwa, da ƙasa, da itatuwa, da kifi. A takarda kuwa an raba su. Tsarin mulkin 1999 ya bai wa gwamnatin tarayya iko a kan ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya, saboda haka ruwan na Abuja ne, kuma Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ce ke riƙe da madatsar daga hedkwatarta da ke Sakkwato. Ƙasar da ruwan ke jiƙawa tana hannun gwamna, bisa dokar filaye ta 1978, sai dai ƙaramar hukuma ce ke ba da haƙƙin mallaka na gargajiya a karkara. Kifin da ke cikin ruwan sha'anin jiha ne, haka ma gawo da marke da ke gefen gona. Yashin da tifofi ke kwasa a tsakiyar gulbin kuwa ma'adini ne a wurin doka, shi ma ya koma Abuja. Sarkin ruwa, wanda kakanninsa ke faɗin ranar da za a buɗe su da ranar da za a rufe, ba ya cikin wannan rabo sam.

Babu laifi a raba iko. Ƙasa mai faɗin Nijeriya ba ta mulkuwa daga ofis ɗaya, kuma Zamfarawa sun daɗe suna neman jiharsu kafin su samu a ranar 1 ga Oktoba, 1996. Matsalar ita ce an raba hukumomin, ba a kafa inda za su riƙa zama tare a kan abin da ba ya rabuwa ba.

Tarihin Bakalori ya nuna tsadar wannan giɓi tun kafin jihohin su yi yawa. A 1969 Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a kan kwarin Sakkwato da Rima, inda ta ba da shawarar a bi a hankali, a fara da ƙanana. Kuɗin fetur ya shigo, shawarar ta zama ƙarama a idon masu mulki. Aka bai wa kamfanin Impresit na Italiya aikin, aka fara a 1974, aka gama katangar a 1978: tsawonta ya haura kilomita 5, tafkin da ke bayanta na ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 450, an kuma tsara shayar da hekta 23,000 a ƙasashen Mafara, Bakura da Maradun. Dubban mutane aka tasa daga gidajensu da gonakinsu. Waɗanda gonakinsu suka faɗa cikin filin ban-ruwa sun yi damuna bayan damuna ba su shuka ba, suna jiran a gama daidaita ƙasa a sake raba musu, ga biyan diyya yana tafiyar hawainiya. Da tura ta kai bango suka tare hanyoyin aikin. Gwamnan Sakkwato na lokacin, Shehu Kangiwa, shi ya tarar da wutar a ƙofarsa, alhali aikin na tarayya ne, kuɗin diyyar ma daga can yake fitowa. A ranar 28 ga Afrilu, 1980, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba; masu bincike da mutanen yankin sun ce sun haura 380.

Wannan ɓangaren labarin an san shi. Wanda ba a cika faɗa ba shi ne abin da ya sami mutanen da ke ƙasa da madatsar, waɗanda ba a tashe su ba, ba a kuma lissafa su cikin masu diyya ba. Rayuwar fadama ambaliya ce. A watan Agusta gulbi ya cika ya batse, ya malala cikin kwari, ya kwantar da sabuwar laka, ya cika tafkuna, ya bi ƙasa ya ɗaga ruwan rijiyoyi. A cikin wannan malala ake shinkafar fadama. Cikinta tarwaɗa da karfasa ke shiga ciyawa su yi ƙwai, 'ya'yansu su yi ƙwari kafin ruwa ya janye. Idan ya janye, danshin da ya bari shi ke ɗaukar albasa da tattasai da dankali, ciyawar da ta tsiro kuma ita ke riƙe shanun Fulani har bazara. Katanga ta daƙile wannan malala. Masanin labarin ƙasa William Adams, wanda ya bi ƙauyukan kwarin a farkon shekarun 1980, ya ƙiyasta cewa cikin hekta 19,000 na fadamar da ke ƙasa da madatsar, noman shinkafa ya ragu da hekta 7,000, noman rani kuma da hekta 5,000. Manoma suka koma gero da dawa, masunta da yawa suka bar garuruwansu. A can filin aikin kuma, na'urorin ban-ruwa na feshi da aka tsara wa kaso mafi girma sun lalace, har filin da ake shayarwa ya dawo ƙasa da rabin abin da aka yi alkawari.

Lokacin da aka yi wannan asara, madatsar da fadamar da Argungu duk suna cikin jiha ɗaya. Yau wanda ruwansa ya ragu a Jihar Sakkwato ko Kabi, gwamnansa ba shi da ta cewa a Maradun. Gwamnan Zamfara ma ba shi da ita. Abin lura ne cewa daga 1999 zuwa 2023, ƙananan hukumomin nan uku su suka ba jihar gwamnoni na tsawon shekara 20: Ahmad Sani Yariman Bakura daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Talatar Mafara daga 2011 zuwa 2019, sai Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023. Kowanensu ya tashi yana ganin wannan ruwa, amma makullin ƙofofin madatsar bai taɓa zama a hannun gwamna ba. Ita kuma hukumar da ke riƙe da makullin ba ta da iko a kan abin da ke cike tafkinta da laka. Lakar daga tudu take zuwa: daga gonakin da aka sare wa itatuwa a Tsafe da Gusau da Bunguɗu, da gaɓar rafukan da aka nome har bakin ruwa. Wannan sha'anin ma'aikatar gandun daji ne ta jiha, da ƙananan hukumomi, da masu unguwanni.

A sha'anin daji abin ya fi fitowa fili. A kudancin Zamfara, ta wajen Ɗansadau a ƙaramar hukumar Maru, akwai dajin Kuyambana, wanda aka keɓe domin namun daji a 1971, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,600. Yana manne da dajin Kamuku na Birnin Gwari a Jihar Kaduna, wanda tarayya ta mayar gandun daji na ƙasa a 1999. Giwaye da gwanki da ɓauna da suka rayu a wurin suna kai da komo ne tsakanin biyun yadda ruwa da ciyawa suka kai su. Amma ɗaya gefen yana da ma'aikata da kasafi daga hukumar gandayen ƙasa, ɗaya gefen yana jiran abin da ya rage a kasafin jiha. Mafarauci ko mai yankan katako ya san inda iyakar take fiye da kowa, domin tsallaka ta kaɗai ya isa ya raba shi da mai binsa. Tarayya ba ta iya karɓar Kuyambana da ƙarfi. Tsarin mulki ya ce sai da yardar gwamnatin jiha ake ayyana gandun ƙasa. A ƙarshen 2020, da Shugaba Buhari ya amince da ƙarin gandaye 10, har da Falgore ta Kano da Kogo ta Katsina da dausayin Haɗeja, Kuyambana ba ya ciki. Miƙa wa tarayya ma ba shi ne maganin komai ba: Yankari ta zama ta ƙasa a 1991, Bauchi ta karɓe abarta a 2006.

Dajin da hukuma ta janye daga cikinsa ba ya zama fanko. Kuyambana da Kamuku, da Rugu ta wajen Katsina, da Sububu da ta haɗa arewacin Maradun da Jihar Sakkwato, duk sun zama sansanin 'yan bindiga, kuma mutanen wannan yanki sun biya da 'ya'yansu. A shekarar 2021 kaɗai an kwashe ɗalibai mata 279 a Jangebe cikin Fabrairu, an shiga Kwalejin Noma da Kiwon Dabbobi ta Bakura cikin Agusta, an kuma ɗauke ɗalibai sama da 70 a Kaya ta Maradun a ranar farko ta Satumba.

A nan ne aka ga abin da gwamnoni za su iya in sun so. A 2015 jihohin da ke kewaye da Kamuku da Kuyambana sun haɗa kuɗi domin farmakin haɗin gwiwa a kan ɓarayin shanu. A ƙarshen Agusta da farkon Satumban 2021 kuma Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna da Neja suka ɗauki matakai kusan iri ɗaya cikin 'yan kwanaki: rufe kasuwannin mako, hana safarar dabbobi, taƙaita sayar da fetur a jarka. Katsina ta hana manyan motoci ɗauko itace daga daji, Kaduna ta hana sare itatuwa a ƙananan hukumomin da abin ya fi shafa. Shekaru da dama malaman daji na roƙon a yi irin wannan magana da murya ɗaya a kan gawayi da katako ba su samu ba. Tsoron bindiga ya samar da ita cikin mako biyu. Sai dai manufar tsaro ce, saboda haka da aka sassauta dokokin, motocin gawayi suka koma hanya, ba a bar wani kwamiti ko rajista ko yarjejeniya a baya ba.

Gubar dalma ta 2010 ta koyar da darasi mai kama da wannan da rayukan yara. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, ana niƙa dutsen zinariya cikin gidaje, ƙurar ta kashe yara kimanin 400. Ma'adinin na tarayya, lafiyar yaran da tsabtar ƙauyen na jiha da ƙaramar hukuma. Likitocin ƙungiyar MSF sun ce ba amfanin ba yaro magani ya koma cikin gurɓatacciyar ƙasa, sai an kankare ta tukuna. Bagega ta jira har farkon 2013 kafin kuɗin aikin ya fito daga Abuja.

Akwai inda aka gwada wata hanya, kuma ba nesa ba ne. A gabas da nan, madatsun Tiga da Challawa sun canja tafiyar kogin Haɗeja, kacalla ta toshe magudanai, wasu garuruwa suka nutse, wasu suka bushe, manoma da makiyaya da masunta suka shiga rigima daga Jigawa har Yobe. Bayan shekaru na ƙidayar ruwa da tarukan masu ruwa da tsaki, gwamnonin Kano, Jigawa, Bauchi, Yobe, Borno da Filato suka haɗu a Damaturu a 2006, suka amince da tsarin kula da kwarin baki ɗaya, suka kafa asusun amana da kowace jiha ta yi alkawarin zuba naira miliyan 100, tarayya kuma ta ƙara nata. Asusun bai warware komai da komai ba. Kuɗin ya yi kaɗan, kacalla na nan. Amma ya samar da wurin da mai kuka daga Gashuwa zai faɗa wa mai riƙe da ƙofa a Kano, kuma an buɗe magudanai da dama da hannun mutanen ƙauyuka. Kwarin Sakkwato da Rima ya fi buƙatar irin wannan, domin shi har ƙasar waje ya shafa: ruwan da madatsar Jibiya ke tarewa shi ne Gulbin Maraɗi, wanda ke shiga Nijar ya sake dawowa Nijeriya, ɗaya daga cikin dalilan da suka sa ƙasashen biyu suka sa hannu a yarjejeniyar Maiduguri ta 1990. Mutanen Sakkwato kuma ba su manta ambaliyar Goronyo ta 2010 ba, ko ƙafewar da madatsar ta kusa yi a 2018.

Ƙasashen da suka raba iko sun sha fama da wannan. A Birtaniya, da aka raba hukumar kare halittu zuwa ta Ingila da ta Sikotilan da ta Wales a 1991, an kafa kwamitin haɗin gwiwa a lokaci guda, Ireland ta Arewa ma tana da kujera a ciki. Ba ya mallakar daji ko tafki, ba ya ba kowace gwamnati umarni. Aikinsa shi ne kowa ya auna da mudu ɗaya: yadda ake ƙidayar tsuntsaye, yadda ake cewa wuri ya gyaru ko ya lalace, da yadda ƙasar za ta ba da rahoto ɗaya a waje. Nijeriya na da majalisar muhalli ta ƙasa, inda minista da kwamishinoni ke haɗuwa su fitar da sanarwa, amma ba ta da ma'aikatan da za su bi ƙidaya daga shekara zuwa shekara. Ƙoƙarin da aka yi na tattara sha'anin ruwa ƙarƙashin doka ɗaya kuwa ya faɗi a majalisa a 2018, aka sake kawo shi a 2020 da 2022 bai wuce ba, domin jihohi da yawa sun ɗauke shi a matsayin dabarar ƙwace musu gaɓar koguna. Tsoron nasu ba na banza ba ne, kuma ya nuna cewa haɗin kan da zai ɗore sai wanda jihohin suka shiga da ƙafarsu.

Kuɗi ba shi ne babban abin da ya rage ba. Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING a 2014, na kusan dala miliyan 500, kuma Bakalori na cikin wuraren da aka gyara wa magudanai, aka ƙarfafa ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa. Zamfara na cikin jihohi 11 na shirin katangar itatuwa ta hana kwararowar hamada, wanda ya samu hukumarsa a 2015. A Disamban 2021 aka amince da ACReSAL, dala miliyan 700 ga jihohin Arewa 19 da Abuja, da burin farfaɗo da hekta miliyan ɗaya, kuma an gina shi ne a kan bin kwarin ruwa, ba iyakar jiha ba. Wannan tunani daidai ne. Rauninsa shi ne rance ne mai wa'adi, kowace jiha na da ofishinta, kuma ranar da wa'adin ya cika ofisoshin kan watse da takardunsu.

Abin da kwarin ke buƙata bai kai waɗannan tsada ba. Farko a samu ƙidaya ɗaya da jihohin huɗu da hukumar koguna suka yarda da ita: yawan ruwan da ke shiga Bakalori da wanda ke fita, kaurin lakar da ta kwanta, zurfin rijiyoyin fadama a watan Afrilu, irin kifin da ake kamawa a tafkin Natu na Bakura da Matan Fada ta Argungu. Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Jami'ar Tarayya ta Gusau da kwalejin Bakura na da ɗaliban da za su iya wannan. Daga ƙidayar sai a zo ga magana mai wuya, wato a ware wa fadama kasonta, a riƙa sakin ruwa da gangan a tsakiyar damuna yadda zai malala, a sanar da ƙauyuka rana tun da wuri. An yi haka a arewacin Kamaru: madatsar Maga ta 1979 ta busar da fadamar Waza da Logone, aka fara mayar mata da ruwa a 1994, ciyawa da kifi da shanu suka dawo. A Bakalori za a yi gardama, domin ruwan da aka saki a Agusta ba zai shayar da alkama a Fabrairu ba, kuma akwai waɗanda suka yi gini ko suka canja shuka a inda ruwa ya daina zuwa. Gardamar halal ce, muddin manomin filin aiki da manomin fadama da masunci da makiyayi duk suna wurin.

Su ma masu sarauta a ba su kujera ta haƙiƙa. Zamanin En'e malamin daji da sarkin ruwa na da ƙarfi, ko da yake ba a rasa zalunci ba: tara da cin hanci sun sa manomi ya riƙa tuge tsiron itace tun yana ƙarami don kada ya zame masa shari'a. Manoman Maraɗi sun nuna abin da ke faruwa idan aka sakar musu mara. Tun daga shekarun 1980 suka koma barin kututture ya toho a gona, suna gyara shi, kwamitocin ƙauye na tsaronsa, har aka ƙiyasta hekta miliyan 5 sun farfaɗo a kudancin Nijar. Fadar Sarkin Burmin Bakura da ta Sarkin Mafara da ta Sarkin Kayan Maradun suna da hakimai da dagatai da masu unguwanni har ƙauyen ƙarshe, sun san inda burtali ya bi da inda mashaya take kafin a nome ta. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, in an aiwatar da shi, zai ba Bakura da Mafara da Maradun damar haɗa asusu ɗaya su ɗauki masu gadin gaɓar gulbi, su kafa wurin rainon dashe, su tura wakili ɗaya da takarda ɗaya zuwa hedkwatar hukumar koguna a Sakkwato kafin a tsara jadawalin sakin ruwa na shekara mai zuwa.